Idan Maki Ya Zo Ɗaya a Gasar Ces: Yadda Ake Karanta Teburi da Saita Ma'aunin Raba Gardama

A ranar ƙarshe ta gasar Olimfiyad ta darar ces da aka yi a Baku, babban birnin Azarbaijan, cikin watan Satumba na 2016, tawagar Amurka ta ci karawarta, ta Yukren ma ta ci tata. Kowacce ta tashi da maki 20 bayan zagaye 11, da yake a wannan gasa ta ƙasashe kowace karawa wasanni huɗu ce, kuma cin karawa maki 2 ne. An gama wasa a manyan tebura, amma babu wanda ya isa ya ce ga mai zinare. Hankalin kowa ya koma can ƙasa, kan karawar Jamus da Estoniya, ƙasashe biyu da ko ƙamshin lamba ba sa ji a ranar. Da Matthias Blübaum na Jamus ya yi galaba a kan Tarvo Seeman, Jamus ta ci karawar 2.5 da 1.5, sai lissafi ya faɗa hannun Amurka: tana da 413.5 a gurbin raba gardama, Yukren tana da 404.5. Zinaren farko ke nan da Amurka ta ɗauka tun 1976. Da wancan wasa guda ya tashi canjaras, da Yukren ce ta tafi da shi.

Wanda ya fara ganin irin wannan yakan ce kwamfuta ce ta yanke hukunci. Iyakar aikin kwamfuta a nan tara lambobi ne bisa umarnin da mutum ya shigar mata tun kafin a taɓa ɗan dara ko ɗaya. Wannan umarni, wato waɗanne ma'aunai za a yi amfani da su idan maki ya zo ɗaya, da wanne ke gaba da wanne, shi ne ainihin hukuncin. Ya kamata ɗan wasa ya iya karanta shi, mai horarwa ma haka, har da uban da ya raka ɗansa gasa ya ga yaron ya yi maki ɗaya da wani amma an ba wancan kofi.

Ces wasa ne mai rowar maki. Ka ci, maki 1. Canjaras, rabi. An ci ka, babu komai. A gasa mai zagaye 9, jimillar da mutum zai iya ƙarewa da ita iri 19 ce kacal, daga sifiri zuwa 9, rabi-rabi. Ka zuba mutum 200 a cikin gidaje 19, dole su yi cunkoso. Masu kallon ƙwallo sun san irin wannan matsala, sun kuma san cewa maganinta ba ɗaya ba ne: a Firimiyar Ingila bambancin ƙwallaye ake fara dubawa, a La Liga kuwa sakamakon haɗuwar ƙungiyoyin biyu. To a ces babu ƙwallaye. Wanda ya murƙushe abokin wasansa cikin motsi 20 da wanda ya sha da ƙyar bayan awa biyar, maki ɗaya aka rubuta musu. Tilas a nemo bambancin daga wani wuri, kuma wurin da aka fi nemansa shi ne: da su wa ka yi wasa?

Tambayar tana da nauyi saboda yadda ake tsara yawancin gasanni. Idan mutane kaɗan ne, takwas ko goma, kowa yana haɗuwa da kowa. Idan suna da yawa sai a koma tsarin Suwis, wanda aka fara amfani da shi a birnin Zurich a 1895. Ba a fitar da kowa. A kowane zagaye ana haɗa masu maki ɗaya da juna, wanda ya ci ya hau ya gamu da wanda ya ci, wanda ya faɗi ya sauka ya gamu da ɗan uwansa. Mutum biyu ba sa haɗuwa sau biyu, kuma ana kula kada wani ya yi ta samun fararen 'ya'ya a jere, tunda fari ne ke fara motsi kuma yana da ɗan rinjaye. Sakamakon haka, mutum biyu za su iya ƙarewa da maki 7 alhali sun bi hanyoyi daban: ɗaya ya kwana a teburan sama yana fafatawa da gwanaye tun daga farko, ɗaya ya faɗi a zagaye na biyu, ya samu masu sauƙi, ya lallaɓo ta baya ya iso a ƙarshe.

Da can da katuna ake wannan haɗi, alƙalin gasa ya baje su a tebur yana jerawa. Yanzu manhaja ke yi. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce Swiss-Manager, ta Heinz Herzog ɗan ƙasar Ostiriya, wadda ke haɗe da shafin Chess-Results inda ake ɗora sakamako. Akwai Vega ta Luigi Forlano ɗan Italiya, akwai SwissSys da aka fi sani a Amurka. Hukumar ces ta duniya, FIDE, tana gwada irin waɗannan manhajoji don ta tabbatar suna bin dokar haɗi, sannan ta fitar da jerin waɗanda ta amince da su. Gasannin da ake ƙidaya wa 'yan wasa lambar ƙarfi a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka, galibinsu a Chess-Results za ka same su, gefe da gefe da na Turai da Indiya. Saboda haka wanda ya iya karanta teburi ɗaya a can ya iya karanta dubbai.

Idan ka buɗe teburin wata gasa, abin da za ka gani daga hagu zuwa dama kusan iri ɗaya ne kullum. Rk. shi ne matsayin mutum a yanzu. SNo lambarsa ce ta farawa, wadda aka ba shi bisa ƙarfinsa kafin a soma, don haka idan ka ga mai lamba 40 yana matsayi na 5 ka san ya yi abin kirki. Sai suna, sai ƙasa, sai Rtg, wato lambar ƙarfi ta tsarin Elo da FIDE ta karɓa a 1970. Sai Pts., makin da ya tara. A kula, shafin yana rubuta rabi da waƙafi irin na Jamusawa, 6,5 na nufin shida da rabi. Bayan nan ne TB1, TB2, TB3 suke, wani lokaci har zuwa biyar. Su ne ma'aunan raba gardama. Ba a tara su. Ana duba TB1 tsakanin masu maki ɗaya, idan ya raba an gama, ko da na ƙasan ya fi a duk sauran. Sai TB1 ya zo ɗaya ake matsawa TB2.

Abin da yawancin mutane ke tsallakewa shi ne ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin teburin, inda aka faɗi me TB1 yake nufi a wannan gasa. TB1 ba sunan wani lissafi ba ne, sunan gurbi ne kawai. Abin da ke cikinsa a gasar wannan mako yana iya zama daban da na makon jiya. Sau da yawa ma za ka ga TB1 sifiri ne daga sama har ƙasa. Ba lalacewa ya yi ba. Haɗuwar kai tsaye ce aka sa a nan, kuma a tsarin Suwis ba ta cika aiki ba, domin idan mutum biyar ne suka yi kunnen doki da wuya a ce duk sun haɗu da juna.

Ma'aunin da ya fi kowanne shahara a gasar Suwis shi ne Buchholz, sunan Bruno Buchholz, Bajamushen da ya fito da shi a 1932. Lissafinsa ba wuya: a tara makin ƙarshe na duk waɗanda ka yi wasa da su. Idan abokan wasanka sun ƙare da maki mai yawa, hanyarka ta yi tsauri ke nan. Kana iya gwadawa da kanka, ka danna sunan ɗan wasa a shafin, jerin abokan karawarsa zai fito kowanne da makinsa, ka tara.

Amma Buchholz iri-iri ne, kuma a nan ne abin yake da daɗin bi. Mu ɗauki misali. Gasa ce mai zagaye 5, mutum biyu sun ƙare da maki 4. Na farko ya gamu da waɗanda suka ƙare da 3.5, 3, 3, 2.5 da 1. Mai 3.5 ɗin ya ci shi, shi kuma ya ci sauran huɗun. Na biyu ya gamu da masu 3, 3, 2.5, 2.5 da 2.5. Ya yi canjaras da masu 3 ɗin nan biyu, ya ci sauran ukun, ba a ci shi ko sau ɗaya ba.

A cikakken Buchholz, na farko yana da 13, na biyu 13.5. Kofi na na biyu ne. Sai dai duba abin da ya ja na farko ƙasa: mutumin nan mai maki 1, wanda mai yiwuwa a zagayen farko aka haɗa su, lokacin da babu wanda ya zaɓi abokin wasansa kuma maki bai fara tace mutane ba. Saboda irin wannan aka fito da Buchholz mai yanke ɗaya, wanda za ka gani an rubuta Cut-1: a jefar da mafi ƙarancin maki a jerin kowa. Na farko ya zubar da 1, saura 12. Na biyu ya zubar da 2.5, saura 11. Kofi ya koma hannun na farko. Akwai kuma na tsakiya, mai yanke sama da ƙasa, a nan zai ba na farko 8.5, na biyu 8.

Yanzu a kawo Sonneborn-Berger. Shi ba ya ƙirga kowa daidai. Wanda ka ci, a ba ka makinsa duka. Wanda kuka yi canjaras, rabin makinsa. Wanda ya ci ka, ba ka samun komai daga gare shi. Na farko: 3 da 3 da 2.5 da 1, jimilla 9.5. Na biyu: 1.5 sau biyu, da 2.5 sau uku, jimilla 10.5. Kofi ya sake komawa wurin na biyu. Idan kuma yawan nasara ne ma'auni, na farko ya ci 4, na biyu 3, ya dawo wurin na farko.

Wasanni goma ne, ba a canja sakamakon ko ɗaya ba, amma zakara yana sauyawa duk lokacin da aka sauya ma'auni. Babu lissafin da ya yi ƙarya a cikinsu. Kowanne yana amsa tambayarsa ce. Buchholz yana tambayar wa ya bi hanya mafi wuya. Sonneborn-Berger yana tambayar daga hannun wa ka karɓo makinka. Yawan nasara yana yaba wa wanda ya yi kasada ya nemi ci maimakon ya lallaɓa da canjaras. Mai shirya gasa da ya jera su, ya sani ko bai sani ba, yana faɗin irin ɗan wasan da yake ganin ya fi cancanta.

Akwai wasu da ya kamata a san su ko da a gurguje. Tarin maki zagaye-zagaye yana haɗa makin da kake da shi bayan kowane zagaye: wanda ya ci huɗu a jere sannan ya faɗi na ƙarshe yana da 1, 2, 3, 4, 4, wato 14, wanda ya faɗi na farko sannan ya ci huɗu yana da 10. Yana da sauƙin lissafi da ka, amma ana sanin wanda ke gaba tun kafin zagayen ƙarshe, abin da ke buɗe ƙofar canjaras na haɗin baki. Akwai yawan wasannin da mutum ya yi da baƙaƙen 'ya'ya. Akwai kuma matsakaicin lambar ƙarfin abokan karawa, wanda da shi Wang Hao na Sin ya sha gaban Fabiano Caruana a gasar Grand Swiss ta 2019 a tsibirin Man, bayan kowannensu ya samu maki 8 cikin 11. Wannan na ƙarshen ya dace da gasar da kowa ke da lamba. A gasar makarantu ko ta gari, inda rabin yaran ba su taɓa shiga rajistar FIDE ba, sa shi zalunci ne, domin wanda aka haɗa da marasa lamba zai cutu a kan abin da ba shi ya jawo ba.

Da wannan za a gane abin da ya faru a Baku. A Olimfiyad ana amfani da wani nau'in Sonneborn-Berger na tawaga: makin kowace ƙasa da kuka kara da ita, a ninka shi da makin da 'yan wasanku suka tara a wasannin karawar, sannan a jefar da ƙasar da ta fi ƙarancin maki. Yukren ta kara da Jamus tun da wuri ta ci ta da ƙyar, 2.5 da 1.5. Ta kuma kara da Jodan ta share ta 4 da 0. Da Jamus ba ta ci Estoniya ba, sakamakonta ne za a jefar, babban cin da aka yi wa Jodan ya shiga lissafi. Da ta ci, sai ta haura, Jodan ta zama ta ƙasa, aka jefar da 4 da 0 ɗin. Wato nasarar tsohuwar abokiyar karawar Yukren, wadda a ƙa'ida ya kamata ta amfane ta, ita ce ta raba ta da zinare. Abin da ya ɗan kwantar da hankali shi ne Amurka ta doke Yukren a haɗuwarsu a wannan gasa, don haka mutane da yawa sun ga zinaren ya je inda ya dace. Amma da kyar ya je. Kuma ba sau ɗaya ba ne: a Batumi a 2018 Sin da Amurka da Rasha duk sun yi maki 18, lissafi ya ba Sin, a Chennai a 2022 Uzbekistan da Armeniya sun yi 19, ya ba Uzbekistan.

Ma'aunin raba gardama ba ya jiran ƙarshen gasa kafin ya fara aiki. Yana shiga kan ɗan wasa ya canja yadda yake buga dararsa. A gasar fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya da aka yi a Landan a 2013, mutum takwas ne, kowa da kowa sau biyu. Magnus Carlsen da Vladimir Kramnik sun shiga zagayen ƙarshe da maki 8.5 kowanne. Dokar gasar ta ce a fara duba haɗuwarsu, wadda canjaras ce sau biyu, sannan yawan nasara, sannan Sonneborn-Berger. Carlsen yana da nasara 5, Kramnik 4. Kramnik ya san idan suka tashi daidai ba nasa ba ne, don haka da baƙaƙen 'ya'ya a gaban Vassily Ivanchuk ya zaɓi buɗi mai haɗari yana neman ci ido rufe. Ya sha kaye. Can gefe kuma Peter Svidler ya ci Carlsen. Da Kramnik ya nemi canjaras kawai, da shi ne ya wuce. Carlsen ya wuce da yawan nasara, a watan Nuwamba na shekarar ya karɓe kambun duniya daga hannun Viswanathan Anand. Wanda ya duba teburin gasar zai ga cewa a Sonneborn-Berger Kramnik ne ke gaba. Da an musanya gurbi na biyu da na uku a takardar doka, da wani labarin ake bayarwa. Ba wanda aka cuta a nan, tunda duka biyun sun san dokar tun kafin su zauna, kuma wannan sanin shi ne sharaɗin da ke halatta komai.

To yaya ake saitawa? A Swiss-Manager, lokacin da alƙali ke buɗe sabuwar gasa yana shigar da suna da yawan zagaye da ranaku, akwai sashe na musamman na raba gardama. Yana zaɓo ma'aunai daga dogon jeri ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya, na sama shi ne TB1. Wasu suna da nasu ƙananan saituna, kamar Buchholz da zai tambayi sakamako nawa za a yanke daga ƙasa, nawa daga sama. Aikin minti biyu ne. Haɗarin yana cikin sauƙin nasa. Ana iya komawa sashen a kowane lokaci, har bayan zagayen ƙarshe, a ɗaga wannan a sauke wancan, teburi ya sake jeruwa nan take ba tare da ya nuna an taɓa shi ba. Manhajar ba ta hana. Abin da ke hanawa shi ne dokar FIDE da ta ce a bayyana jerin tun kafin a fara, da amanar alƙali, da idon 'yan wasan da suka karanta takardar gasa suka kuma duba ƙasan teburi tun zagayen farko suka ga abu ɗaya ne a wuraren biyu.

Mafi yawan ɓarnar ma ba ta mugunta ba ce, ta gaggawa ce. Alƙali ya kwafi saitin tsohuwar gasa ya manta bai gyara ba. Takardar gayyata ta ce Buchholz kawai, ba ta ce cikakke ko mai yanke ɗaya ba, alhali mun ga wannan kaɗai ya isa ya canja zakara. Ko a bar Buchholz a gasar kowa-da-kowa, inda ba ya raba komai, domin masu maki ɗaya duk mutanen da suka gamu da su iri ɗaya ne, jimillarsu dole ta zo daidai. A irin wannan gasa haɗuwar kai tsaye da Sonneborn-Berger da yawan nasara ne ke da amfani. Akwai kuma sakamako ɗaya da aka shigar a juye can teburi na 30. Mai shi zai zo ya yi ƙorafi a gyara masa makinsa, amma kafin nan kuskuren ya riga ya taɓa Buchholz na duk wanda ya yi wasa da mutanen nan biyu. Shi ya sa alƙali mai hankali ba ya sanar da kyaututtuka sai wasan ƙarshe a teburin ƙarshe ya shiga, an kuma gwada abin da ke kwamfuta da takardun da 'yan wasa suka sa wa hannu.

Wuri mafi sarƙaƙiya shi ne zagayen da ba a buga ba. Idan yawan 'yan wasa mara ne, kowane zagaye mutum ɗaya zai zauna ba abokin wasa a ba shi maki. Wani abokin karawarsa ne bai zo ba, ya ci bulus. Wani ya nemi hutun zagaye ɗaya. Wani kuma ya faɗi biyu a jere ya tattara kayansa ya tafi gida. Me za a tara wa wanda bai yi wasa da kowa ba? Kuma wanda ya ci mutumin nan da ya gudu a zagaye na uku, a bar Buchholz ɗinsa ya daskare saboda laifin wani? Shekaru da yawa FIDE ta yi amfani da abokin wasa na ƙirƙira: a ɗauka ka gamu da wani mai maki daidai da naka a lokacin, wanda daga nan ya yi ta canjaras har ƙarshe. Lissafin yana da wuyar bayyanawa ga ɗan wasa da ke tsaye cikin fushi. A gyaran dokar da aka yi a 2023 aka ajiye shi. Sabuwar hanyar ta ce zagayen da ba ka buga ba a lissafa shi kamar ka gamu da mai makin ƙarshe irin naka, wanda ya janye kuma a ɗauki sauran zagayensa a matsayin canjaras wajen lissafa wa abokan karawarsa. Idan da son ranka ka bar wani zagaye, shi za a fara jefarwa wajen yanke ɗaya, don kada hutu ya zama riba. An ci gaba da yi wa wannan sashe ƙananan gyare-gyare bayan nan. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne alƙalai biyu, ɗaya da tsohuwar manhaja ɗaya da sabuwa, za su iya shigar da sakamako iri ɗaya su fitar da teburi biyu. Sabunta manhaja kafin gasa yana cikin aikin alƙali, haka ma rubuta a takarda wace doka ake bi. Kuma idan ka tara da hannu ka ga bai yi daidai da na shafi ba, ka fara neman zagayen da wani bai buga ba kafin ka zargi kowa.

Ni a ganina, akwai abin da bai kamata a bar wa lissafi shi kaɗai ba. A gasar duniya ta wasan sauri da aka yi a Warsaw a 2021, mutum huɗu suka ƙare da 9.5 cikin 13: Nodirbek Abdusattorov, Ian Nepomniachtchi, Carlsen da Caruana. Doka ta ce biyun da ke sama a ma'auni ne kaɗai za su buga wasan raba gardama. Carlsen da Caruana suka koma 'yan kallo, Abdusattorov ya ci kambun yana ɗan shekara 17. Ya cancanta, har Carlsen ɗin ya doke a cikin gasar. Amma ƙorafin da ya biyo baya yana da tushe, kuma FIDE ta gyara dokar a shekarar da ta biyo don duk waɗanda suka yi kunnen doki a sama su shiga. Haka ma gasar fitar da mai ƙalubalanta, tun 2022 wasannin sauri ne ke raba matsayi na ɗaya. Inda kambu yake, ko gurbi ɗaya tak na wakiltar jiha ko ƙasa, a bar mutane su zauna su buga. Wasa biyu na sauri, idan bai rabu ba a yi na ƙarshe wanda fari ke da ƙarin lokaci amma canjaras nasarar baƙi ce. Ba zai ci fiye da awa ɗaya ba, kuma yaron da ya rasa gurbi a kan allo ya fi samun haƙuri a kan wanda aka ce masa rabin maki na wani baƙo a teburi na 25 ne ya kayar da shi.

Kuɗi kuwa yana rabuwa, don haka a raba shi. A ce na ɗaya naira 100,000 ne, na biyu 60,000, mutum biyu suka yi maki ɗaya. Ana iya haɗawa kowa ya ɗauki 80,000. Idan ana so ma'auni ya yi tasiri ba tare da ya cinye komai ba, akwai tsarin Hort, mai sunan gwanin ces Vlastimil Hort: kowa ya karɓi rabin kyautar matsayinsa, sauran rabin a haɗa a raba daidai. Na sama zai tashi da 90,000, na ƙasa 70,000. Wannan ma sai an rubuta shi tun farko, domin ranar rabon kuɗi kowa tsarin da ya fi masa yake tunawa.

Sauran matsayai, na biyar da na shida da na ashirin, a nan ne ma'aunai ke aikinsu ba tare da sun cuci kowa sosai ba. A gasar Suwis da ake da marasa lamba a ciki, zan sa Buchholz mai yanke ɗaya a gaba, cikakken Buchholz ya biyo, sannan haɗuwar kai tsaye, sannan yawan nasara. Wani alƙalin zai fifita haɗuwar kai tsaye a sama, yana cewa wanda ya ci ɗan uwansa bai kamata ya zauna ƙasa da shi ba, kuma hujjarsa ba ta da rauni. Kowanne aka zaɓa, a rubuta shi da cikakken sunansa a takardar gayyata, a karanta shi a gaban 'yan wasa kafin zagayen farko, a manna shi kusa da inda ake manna haɗi. A kuma ƙara layi ɗaya a ƙarshen jerin, na abin da za a yi idan duk ma'aunan sun zo ɗaya, wanda yakan faru a ƙananan gasanni masu zagaye biyar: ko a raba matsayin, ko a jefa ƙuri'a a gaban waɗanda abin ya shafa.